La'ada Ba Lamuni: Abin da Hanyar Tabanni Ke Faɗa Game da Manhajojin Kiran Mota

Wanda ya san Tabanni, watau garin nan da ke gabashin ƙasar Birnin Gwari, ta ɓangaren da hanya ke fita zuwa Funtuwa, la'alla zai yi mamaki in ya ji an ambace shi a cikin zancen manhajojin wayar hannu da ake kiran mota da su, domin ba wuri ne da mutum zai tsaya a bakin titi ya latsa waya, motar Bolt ko ta Uber ta zo ta ɗauke shi ba. Amma al'amarin ya shafi Tabanni ta fuska biyu. Ta farko, shekarun da 'yan bindiga suka yi suna cin karensu babu babbaka a dajin nan sun kori samari masu yawa daga gonakin masara na iyayensu zuwa Kaduna da Zariya da Kano da Abuja, kuma galibin wanda ya isa birni ba shi da takarda ba shi da jari, sana'ar da ke fara buɗe masa ƙofa ita ce tuƙi, ko na babur, ko na A Daidaita Sahu, ko na mota in Allah ya haɗa shi da mai ba shi. Ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna, a kan hanya irin ta Tabanni ne ake ganin haƙiƙanin abin da sufuri ya dogara a kansa, wanda kwalta mai kyau da fitilun birni suke ɓoye wa mutane.

Tarihin abin gajere ne. An kafa Uber a birnin San Faransisko na Amurka a 2009, ya iso Legas a 2014, ya shiga Abuja a 2016. A wannan shekara ta 2016 wani kamfani na ƙasar Estoniya mai suna Taxify ya sauka Legas, shi ne wanda ya koma Bolt a 2019, kuma ya bazu cikin garuruwan Nijeriya da dama. Daga baya inDrive ya biyo sahu, wanda asalinsa daga garin Yakutsk ne na ƙasar Rasha, shi kuwa ya bar wa fasinja da direba su yi ciniki a kan waya kafin a tashi. Dukkansu ba su mallaki motar ba, ba su sayen mai, ba su biyan bakanike. Abin da suke yi shi ne su haɗa mai neman mota da mai mota, su cire rabonsu daga kuɗin tafiya, wanda a manyan kamfanonin biyu, Uber da Bolt, yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

Adalci ya wajabta a fara faɗin alherin abin, kuma ba kaɗan ba ne. Matar da za ta je awo asibiti, ko ɗalibar da ta sauka tasha bayan isha'i, yanzu tana iya sanin sunan direba da lambar motarsa tun kafin ta buɗe ƙofa, ta kuma aika wa mijinta ko mahaifinta, alhali a Abuja an sha jin labarin masu shiga motar haya a bakin titi su tarar ashe cikin 'yan fashi suka faɗa. Baƙon da bai san gari ba ya huta da wanda zai dubi rigarsa ya yanka masa kuɗi. Sa'an nan akwai matan aure masu sana'a a cikin gida, masu dambun nama da turaren wuta da ɗinki, waɗanda a da ba su da hanyar kai haja ga mai saye sai su ɗora wa ƙaramar yarinya tire ta shiga gari talla. Yau da yawansu ta waya suke karɓar ciniki, su kira mai abin hawa ya kai kaya, yarinya kuwa ta tafi makaranta. Duk wanda ya san irin ɓarnar da talla ta yi wa tarbiyyar 'ya'ya mata a ƙasar nan ba zai raina wannan maslaha ba. Direban ma ya sami wani abu, domin maimakon ya yini yana zagaya gari yana ƙona mai yana neman fasinja, fasinja ne ke nemansa.

To, amma a dubi lissafin direban da kyau. Galibin samarin da muke magana a kansu motar ba tasu ba ce. Wani mai hali ne ya ba su bisa sharaɗin su kawo masa balas kullum ko duk mako, ko kuma an ba su bashi ne su riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta zama tasu, in ta kai lokacin da sauran numfashi. Saboda haka kafin kwabo ya shiga aljihunsa, sai kamfani ya cire nasa, mai mota ya karɓi nasa, gidan mai ya karɓi nasa, a sayi data, a ajiye na faci da na juyen mai. A cikin waɗannan duka, rabon kamfani da balas ɗin mai mota ba su san ranar da kasuwa ta mutu ba. Wannan ya fito fili ƙarara bayan ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur: litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai A Daidaita Sahu na kan titi da direban tasha, washegari suka ƙara kuɗin mota, fasinja ya yi gunaguni ya biya. Direban manhaja kuwa, sabili da ba shi ke yanke farashi ba, tilas ya jira har kamfani ya ga dama, kuma ƙarin da aka yi bai kama ƙafar tsadar mai ba. Dalilin ke nan da ya sa ƙungiyarsu ta ƙasa, AUATON, ta kira yajin aiki a watan Yuni na 2023, tana neman a ɗaga kuɗin tafiya a kuma rage rabon kamfani.

A nan ne nake so mai karatu ya biyo ni zuwa karar shanu ta Birnin Gwari, wadda Gwamna Uba Sani ya sake buɗewa a watan Nuwamba na 2024, bayan ta yi shekaru a rufe saboda rashin tsaro. Kowa ya san aikin dillali a kara: shi ke haɗa Bafillace da mahauci ko falke, ya daidaita tsakaninsu, ya karɓi la'ada. Malaman fiƙihu ba su hana wannan ba, sun halatta ladan dillanci muddin an san aikin an san ladan. Amma abin da ya ba dillalin kara mutunci, har baƙo ya miƙa masa igiyar sa ya koma gefe ya zauna, shi ne cewa yana tsaya wa cinikin. In bayan sati ta bayyana saniyar ta sata ce, shi za a nema. In mai saye ya ɗauka bashi ya gudu, shi zai san inda zai samo shi, ko ya biya daga aljihunsa. Yana da gida a garin, yana da sarkin dillalai a samansa, ana iya kai shi gaban alƙali. Kuma ba shi ne ke yanke wa mai saniya farashin dabbarsa ba, sai mai ita ya ce ya sallama. Wannan ya dace da ƙa'idar nan da malamanmu na mu'amala suka gina hukunce-hukunce da yawa a kanta, cewa cin amfanin abu yana tafiya ne tare da ɗaukar lamuninsa. Kamfanin manhaja ya ɗauki rabin farko na wannan ƙa'ida ya ajiye na biyu. Shi ke yanke farashi, shi ke zaɓar wanda zai ba aiki, shi ke da ikon rufe wa direba manhaja in fasinja ya kai ƙara, sau da yawa ba tare da an zaunar da shi an ji ta bakinsa ba. Amma ran da mota ta kife, ko aka ƙwace ta, ko aka kashe direban, sai a buɗe takardar yarjejeniya a nuna cewa shi abokin hulɗa ne mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba.

Hukumomin wasu ƙasashe sun riga sun ga wannan giɓi. A watan Fabrairu na 2021 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar da wasu direbobi suka kai Uber, ta ce direbobin ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, kuma hujjarta ita ce wadda na ambata: tun da kamfani ne ke yanke kuɗin tafiya, shi ke rubuta sharuɗɗa, shi ke hukunta wanda ya yawaita ƙin karɓar fasinja, to, da'awar cewa direba ubangidan kansa ne ba ta da tushe. Ƙasar Kenya a 2022 ta yi doka cewa rabon kamfani kada ya wuce kashi 18 cikin 100. Tanzaniya a wannan shekarar ta sa nata iyakar a kashi 15, har Uber ya dakatar da aiki a can na wani lokaci. Waɗannan ƙasashe biyu na ƙarshe ba su fi mu arziki ba, sun dai yarda cewa hukuma tana da haƙƙin shiga tsakanin mai ƙarfi da mai rauni a cikin ciniki.

Mu a Arewa mun riga mun ɗanɗana wani ɓangare na abin. A 2019 kamfanin OPay ya shigo Kano da tsarin kiran A Daidaita Sahu ta waya, da rangwame mai yawa wanda kamfanin ke cikawa daga kuɗin masu zuba jarinsa, fasinjoji suka yi tururuwa, matuƙa da dama suka shiga, waɗanda ba su shiga ba suka ga kasuwarsu ta ja baya. Kafin shekarar ta ƙare 'yan sanda suka rufe ofishin kamfanin na Kano. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan birnin, annobar korona ta biyo baya, zuwa watan Yuli na 2020 OPay ya ba da sanarwar dakatar da harkar ɗaukar fasinja, ya tattara ƙarfinsa a kan hada-hadar kuɗi, inda yake cin kasuwa har yau. Ban ga laifinsa ba da ya bi inda ribarsa take, haka kowane ɗan kasuwa yake yi. Abin lura shi ne cewa kamfani yana iya sauya sana'a cikin dare ɗaya, domin jarinsa a kwamfuta yake, shi kuwa saurayin da ya ci bashi ya sayi babbar waya, ya gina lissafin cefanen gidansa a kan wannan tsari, ba shi da wannan sauƙi. Kuma rangwamen farko, wanda mutane suka ɗauka alheri ne, yana koya wa fasinja farashin da ba na gaskiya ba, ya bar matuƙi da jan aikin mai da shi kan na gaskiya bayan kamfani ya tafi.

Yanzu a koma hanyar Birnin Gwari. Shekara da shekaru direbobin da ke bin hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa, da masu bin ta Funtuwa, suna fita ne da ransu a hannu, wani lokaci sai an tara motoci an jira rakiyar jami'an tsaro kafin a tashi, an kashe waɗansu, an yi garkuwa da waɗansu tare da fasinjojinsu. A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sa aka katse sabis na waya a yankunan da abin ya fi ƙamari, ta hana hawa babur har wata uku, ta hana sayar da mai a jarka a ƙananan hukumomi da suka haɗa da Birnin Gwari, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. A wannan hali, da babu wayar da za ta yi ƙara balle manhajar da za ta buɗe, wa ya riƙe sufuri? Tasha ce ta riƙe shi. Direbobi ne ke ba juna labari baki da baki, wane ya fito da hantsi ya ce hanya lafiya, wane ya juyo daga wuri kaza ya ce a dakata. Ɗan kamasho ya san wanda ya shiga kowace mota da ƙauyen da ya fito, in an tare mota shi ake fara tambaya. In an ɗauke direba, 'yan'uwansa na tasha suna cikin waɗanda ke bi gida-gida ana haɗa abin da za a fanso shi, in ya rasu suna cikin masu ɗaukar makara, su kuma leƙa marayunsa.

Ba ina wanke tasha ba ne. Kowa ya san yadda shugabannin ƙungiyar direbobi a wurare da yawa suka mai da kuɗin tikiti abincinsu, yadda 'yan siyasa ke hayar 'yan tasha lokacin zaɓe, yadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, a ɗora buhunan masara har mota ta durƙusa. Wulaƙancin da fasinja ya sha a tasha yana daga cikin abin da ya sa ya rungumi manhaja da hannu bibbiyu, kuma yana da gaskiya. Amma duk da wannan mafsada, tasha ta san cewa wanda ke karɓar kamasho a kan direba akwai ranar da za a neme shi saboda direban, kuma tana da fuska da ofis da shugaba da za a iya zuwa a tsaya a gabansa a ɗaga murya. Saurayin Tabanni da ya tashi ya ga wannan, ya je Abuja ya kama tuƙin manhaja, yakan tarar da cewa ran da wani ya kira shi da dare zuwa bayan gari ya sa masa wuƙa ya karɓe mota, abin da ke gabansa shi ne ya rubuta saƙo a waya cikin Turanci ya jira amsa, mai motar kuwa yana ƙofar ɗakinsa yana neman dukiyarsa. An ɗauki hoton direba da lasisinsa da takardun motarsa kafin a yarda da shi. Fasinja kuwa an daɗe ana karɓarsa da lambar waya kawai, kuma wannan yana cikin manyan koke-koken direbobin.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana wannan zance, watau jama'ar da ke ci daga tasha ba tare da sun taɓa sitiyari ba: mai shayi da mai tuwo, mai faci, masu dako, yaran mota, mai sayar da ruwa, har almajirin da ke wanke mota. Tasha kasuwa ce, kuɗin da ya shigo cikinta yakan zaga hannu da yawa kafin ya fita unguwar. Rabon da manhaja ke cirewa kuwa, daga wayar direba yake tashi kai tsaye zuwa asusun kamfani, ba ya bi ta teburin mai shayi. Direbobin tasi na filayen jirgin sama da na ƙofar otal-otal, waɗanda da yawansu dattawa ne da suka yi aure suka aurar da 'ya'ya da wannan sana'a, su ne suka fara jin jiki. Ba na cewa a tsai da zamani saboda su, domin Kano ma ta hana acaba a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, dubban mutane suka koma A Daidaita Sahu, rayuwa ta ci gaba. Ina cewa ne a riƙa sa su cikin lissafi in ana ƙidaya ayyukan da aka ce manhaja ta samar.

Sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa motoci sun ƙaru a hanya, manoma sun fara komawa gonakin da suka bari, muna roƙon Allah ya dawwamar da shi. In ya ɗore, ko ba jima ko ba daɗe masu manhaja za su waiwayo ƙasa irin wannan, ba don fasinja kaɗai ba, har don dakon masara da waken soya da shanu zuwa kasuwannin Funtuwa da Kaduna da Kudu, domin inda kaya suke nan mai neman la'ada yake zuwa. Lokacin gindaya sharaɗi shi ne yanzu, tun ba a saba ba.

Abin da nake kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da takwarorinta na Kano da Katsina su yi bai fi ƙarfinsu ba. A sa iyaka ga rabon kamfani kamar yadda Kenya ta yi. A wajabta wa duk kamfanin da ke cin la'ada a jiha ya buɗe ofis a cikinta, da mutum mai jin Hausa wanda direba zai iya zama a gabansa, kuma kada a rufe wa kowa manhaja sai an gaya masa laifinsa an ji uzurinsa, domin ko a kotun alƙali ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. A tantance fasinja da lambar shaidar ɗan ƙasa kamar yadda ake tantance direba. Mafi muhimmanci, a ware wani kaso sananne daga kowace tafiya, daga rabon kamfani, a zuba a asusun taimakon juna irin na takaful, wanda zai ɗauki jinyar direba in ya yi haɗari, ya rage wa mai mota asara in an ƙwace ta, ya kuma ba iyali wani abu in an rasa rai. Malamanmu su ma akwai nasu aikin, su ɗauki takardar yarjejeniyar nan da samari ke latsa amincewa da ita ba su karanta ba, su fassara ta, su auna ta da babin ijara, su gaya wa jama'a ko ya halatta a ɗauki mutum aiki bisa ladan da ɗaya ɓangaren ke iya sauyawa shi kaɗai ko da yaushe. Ƙungiyoyin direbobi na tasha kuwa, maimakon su tsaya tare hanya suna faɗa da masu manhaja, ya kamata su fara gyara gidansu, su rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa kafin mota ta tashi, su bayyana wa membobinsu inda kuɗin tikiti ke tafiya, sa'an nan su nemi yaranmu da suka karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero su gina musu tasu manhajar, wadda za ta yi magana da Hausa, ta kuma yi aiki da ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi.